Idan Miƙaƙƙen Layi Ya Karkace a Idonka, Kada Ka Bari a Soke Shi

Dattawan Bagwai da suka haura shekara hamsin, da duk mai ciwon sukari, ku yi wannan gwaji yau tun da sauran haske. Rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka dubi gefen ƙyauren ɗaki, ko kunyar gonar da ka san a miƙe aka ja ta. Sannan ka sauya ido. In abin da yake sambal ya yi maka kwana-kwana, ko tsakiyar abin da kake kallo ta dusashe alhali gefe-gefe na fita sarai, to ciwon yana can bayan ido, inda tabarau na kasuwa ba ya kaiwa.

A ƙuryar ido akwai shimfiɗa mai karɓar haske. Tsakiyarta ɗan wuri ne ƙanƙani, amma da shi ake karatun Alƙur'ani, da shi ake zura zare a allura, da shi ake gane fuskar mai sallama. Wani lokaci siririn tabo yakan tsiro a kan wurin, ya riƙa jan sa yana tattare shi kamar yadda tabon ƙuna ke jan fata. Yawancin lokaci tsufa ne ke kawo shi, idan ruwan nan mai kauri da ke cike da ido ya janye daga shimfiɗar. Sukari, rauni, kumburi ko tsohon aikin ido su ma suna jawo shi. Sau da yawa ido ɗaya yake kamawa, ɗayan ya yi ta rufa masa asiri, shi ya sa mutum kan daɗe bai lura ba.

Wannan tabo shi kaɗai ba ya kai mutum ga makanta ɗungurungum, wasu ma likita zai ce a zuba ido kawai. Abin da ya sa nake ɗaga murya shi ne a ƙauyukanmu kowane hazo sunansa yana. Daga nan sai a kira mai tura yana da tsinke, wanda ke yawo gari-gari yana alkawarin gani nan take. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka yi wa aikin yana, irin wannan turawa aka yi musu, kuma akasarinsu ba su ƙare da gani mai kyau ba. Wannan fa ga masu yanar gaske ke nan. Mai tabo a bayan ido kuwa, lafiyayyen abu za a ture masa, ciwon na nan daram. Maganin ɗigawa na kemis ma ba ya cire tabo, kuma wani irinsa in an daɗe ana sawa yana jawo hawan jinin ido.

Karkacewar layin nan kuma takan zama alamar wasu cututtukan da suka fi tabo gaggawa, kamar kumburin da sukari ke kawowa ko jini a ƙarƙashin shimfiɗar. Sai an duba da na'ura ake bambancewa. A Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, da Asibitin Makka, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In tabon ya tsananta, aikin tiyata ake yi a ɓare shi, gani ya riƙa gyaruwa a hankali cikin watanni.

Na san damina ko noman rani a madatsar ruwan Watari ba sa barin mutum ya motsa, ana cewa sai an cire amfani. To wanda ya ga walƙiya a cikin ido, ko baƙaƙen ɗige-ɗige sun taso masa farat ɗaya, ko duhu ya rufo daga gefe, wannan ya bar tumatir ya kama hanyar Kano a ranar, domin mai yiwuwa shimfiɗar ce ke ɓallewa. A tafi da ɗan rakiya, kada a tuƙa babur. Za a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, gani zai yi hazo na wasu sa'o'i.