Abin da ke sa zuciya narkewa idan ido ya faɗa kan jariri ko ɗan akuya

Duk wanda ya bi hanyar Zariya ya ratsa Kura ko Bunkure a lokacin noman rani, zai ga yadda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a shekarar 1974, ya mayar da yankin kore shar da shinkafa da alkama da tumatir. A bakin magudanan ruwan akan ga wani abu da ba a cika tsayawa a yi tunani a kansa ba. Manomin da ya wuni yana fama da laka, fuskarsa a murtuke, da zarar ɗan akuya ya yi tsalle a gabansa, ko wata mai tallar fura ta juyo da goyonta, sai ka ga ya saki fuska, har muryarsa ta sauya.

Bahaushe yana da kalmomi da dama na wannan yanayi. Yakan ce yaro ɗan ɓul-ɓul, ko 'yan tsaki dagwas-dagwas, ko yarinya gwanin ban sha'awa, sannan ya bi da tubarkalla don gudun kambun baka. Masana sun shafe fiye da shekara 80 suna bin diddigin abin da ke haddasa shi.

A shekarar 1943 Konrad Lorenz, masanin halayyar dabbobi ɗan ƙasar Ostiriya, ya lissafa siffofin da ke tayar da wannan shauƙi: kai babba idan aka gwada da jiki, faffaɗan goshi, manyan idanu da suka sauko ƙasa-ƙasa a fuska, ƙaramin hanci da haɓa, cikakkun kumatu, gajerun gaɓoɓi, da tafiyar tangaɗi. Kan jariri sabon haihuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, alhali na babba kusan ɗaya cikin takwas ne.

Amfanin hakan a fili yake. Ɗan akuya kan miƙe tsaye cikin sa'a guda da haihuwarsa, shi kuwa ɗan Adam sai ya kai wajen shekara kafin ya taka, kuma ya daɗe yana dogara da wasu. Ba shi da ƙarfi ko magana, fuskarsa ce ke janyo masa masu kula. Da yake ƙananan dabbobi ma suna da irin waɗannan siffofi, tausayin da aka tanadar wa jariri yakan malala ya kai kansu. Shi ya sa yara ke kuka ranar Babbar Sallah idan za a yanka ragon da suka raina tun yana ƙarami.

Na'urorin hoton ƙwaƙwalwa sun ƙarfafa maganar Lorenz. A 2008 Morten Kringelbach da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford sun gano cewa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke saman ramin ido yana amsa wa fuskar jariri cikin kusan kashi ɗaya bisa bakwai na daƙiƙa, abin da ba ya faruwa da fuskar babba. Wato kafin mutum ya yi tunani, hankalinsa ya riga ya karkata. A 2009 kuma Melanie Glocker a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ta sauya hotunan jarirai da kwamfuta, ta ƙara wa wasu faɗin goshi da girman ido, ta rage wa wasu. Waɗanda aka ƙara wa sun fi jawo sha'awar a kula da su, sun kuma fi motsa sashen ƙwaƙwalwa da ke da alaƙa da jin daɗi, har a matan da ba su taɓa haihuwa ba.

Akwai kuma abin da kowa ya sani a gidan suna: mace ta ɗauki jariri ta cije baki, ta ja kumatunsa tana cewa kamar ta cinye shi. Oriana Aragón da abokanta a Jami'ar Yale sun yi nazarin wannan a 2015, inda suka yi hasashen cewa hanya ce da jiki ke bi ya sassauta shauƙin da ya yi yawa, kamar yadda ake hawaye saboda murna.

Al'ada tana da nata hannun. Uwa a ƙasar Hausa takan yi alkunyar ɗan fari, ba ta ambatar sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sai kaka da goggo su ɗauki wannan aiki. Shauƙin yana nan, wanda zai bayyana shi ne al'ada ta zaɓa. Mujiya ma misali ce: tana da zagayayyen kai da manyan idanu, a Japan ana ɗaukarta alamar sa'a har ana sayar da 'yar tsanarta, mu kuwa mun sanya ta cikin abubuwan camfi.

A nan ne batun ya taɓa aljihun manomin Kura. Tsuntsun jan-baki ɗan mitsitsi ne mai kyan gani, nauyinsa wajen giram 20 ne, amma yakan ci hatsin da ya kai rabin nauyinsa a rana, kuma garkensa na iya kai miliyoyi. Mujiyar da ake jifa ita ce ke cin ɓerayen da ke yanke shinkafa da haƙa ramuka a gefen magudanai. A Malesiya manoman shinkafa da na kwakwar manja suna kafa mata akwatunan sheƙa a gonaki domin rage kuɗin guba. Da Bahaushe ya ce kyan ɗan maciji, ya riga ya gane cewa ido kan yi kuskure wajen raba aboki da maƙiyi.

'Yan kasuwa ma sun san sirrin. Fuskar jariri mai kumatu da ke jikin gwangwanin madara ko kwalin sabulu an zaɓe ta ne da gangan. Masanin halittu Stephen Jay Gould ya nuna a 1979 yadda aka riƙa ƙara wa Mickey Mouse girman kai da idanu cikin shekara 50 har ya koma kamar jariri. Haka nan hoton yaro guda a Facebook yakan tara gudummawar da rahoton yara dubu bai tara ba, kuma 'yan damfara suna amfani da wannan. Kafin ka tura kuɗi, nemi sunan asibiti da wanda zai tabbatar maka da labarin.

Abin da ya fi nauyi shi ne yaran da ba su da waɗannan siffofi. Tamowa tana zubar da kumatu, ta dusashe ido, ta hana yaro murmushi. Binciken da aka yi a Oxford ya nuna cewa ko tsagewar leɓe kaɗai tana rage wancan amsawar gaggawa ta ƙwaƙwalwa. Ciwon noma, wanda aka kafa masa asibitin yara na musamman a Sakkwato a 1999, yana cin fuskar yaro ne a daidai lokacin da ya fi buƙatar a dube shi. Ke nan yaron da ya fi kowa buƙatar a ɗauke shi, shi ne hannu ke jinkirin miƙa wa.

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin awo, da malamin firamare, da jami'in da ke rabon tallafi, duk suna ɗauke da wannan son kai na ido ba tare da sun sani ba. Maganinsa shi ne a dogara da ma'auni: sikeli, da zaren awon damtse, da jerin sunaye, maimakon wanda ya fara burge mutum. A gida ma, idan an shiga taron suna ana ta karɓe-karɓen jariri, yana da kyau a waiga a ga yayansa da aka yaye, wanda ke rakuɓe a gefe, a tambayi ko ya ci abinci.