Izinin Gina Wa Ma'aikatan Gona Gida a Cikin Gona

Gonar da ta yi nisa da gari tana bukatar mai kwana a cikinta. Masara idan ta nuna tana son mai gadi, shanun huɗa suna son mai ba su harawa da asuba, injin ban ruwa da aka kafa a bakin fadama kuma ba a barinsa shi kaɗai da dare. Wannan ne ya sa manyan manoma a ƙasar Karfi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, da sauran yankin noma da ya miƙa har Bakori da Funtua, sukan tanadar wa barorinsu da 'yan ƙwadago wurin zama a gona. Wurin zaman iri-iri ne. Akwai bukkar kara da ciyawa wadda ake kafawa da faɗuwar damina a watsar bayan kaka, akwai ɗakin ƙasa na ajiye taki da garma wanda mai gadi ke raɓawa a ciki, akwai kuma gida sosai na bulo da kwano, da rijiya da makewayi, wanda iyali za su zauna shekara da shekaru. Bukka ba ta cika jawo magana ba. A kan gida na dindindin ne batun izini yake tasowa.

Zama a gona tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A zamanin sarauta kafin zuwan Turawa akwai rinji, inda bayin mai gandu suke zaune kusa da gonar ubangidansu. Akwai tunga, wadda manoma kan kafa don noman damina, wata ta watse, wata ta kafu har ta zama ƙauye mai masallacin Juma'a. Maguzawan ƙasar Malumfashi kuwa an san su da manyan gidaje a tsakiyar gonakinsu, rumbuna jere, kowane gida da 'yar tazara tsakaninsa da na kusa. Duk da haka, ko a wancan lokaci mutum ba ya wayar gari ya kafa gida a daji. Sai ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya kai shi ga dagaci, a tambayi asalinsa da sana'arsa, a nuna masa inda zai tsaya da inda ba zai ƙetare ba. Dagaci ya san cewa sabon gida sabon mai biyan haraji ne, kuma idan rigima ta tashi a can shi hakimi zai tuhuma.

Rubutacciyar doka ta zo ta hau kan wannan tsari. Tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka ayyana ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta wannan a dokar filaye ta 1962, sannan a watan Maris na 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta game Nijeriya duka kuma har yau take aiki. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana, ta kuma raba ta gida biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin ƙasar birni, shi ke ba da izinin mallakarta. Sauran, wato ƙasar karkara, ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama na gargajiya a kanta, don noma ko gina gida ko wata bukata, muddin fili bai wuce hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba. Abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Gonakin talakawa ba su ko kusa da wannan iyaka, saboda haka ga yawancin manoman Karfi ƙofar farko ita ce sashen filaye na sakatariyar ƙaramar hukuma a Malumfashi.

Abin da ya kamata mai gona ya fara tantancewa shi ne a wane ɓangare gonarsa ta faɗa. Iyakar birni a takarda takan zarce inda gidaje suka ƙare da nisa, har ta haɗiye gonakin da ake ganin daji ne. Mutum na iya shuka dawa shekara talatin a filin da taswirar gwamnati ta daɗe da lissafa shi cikin gari, kuma takardar ƙaramar hukuma a kan irin wannan fili ba ta da ƙarfi.

Akwai wani sashe na dokar 1978, sashe na 36, da ya shafi gonakin da mutane ke riƙe da su tun kafin a kafa ta. Ya bar wa manomi gonarsa ya ci gaba da nomawa kamar an ba shi takarda, amma ya hana a yanka ta fuloti-fuloti. A nan ne gidan ma'aikata yake da santsi. Ɗaki biyu na barori kan zama huɗu, sai a sayar wa wani gefe, sai wani ya buɗe shago, kafin shekara goma unguwa ta tsiro babu hanyar mota, babu magudanar ruwa, babu filin makaranta ko maƙabarta. Wanda ya san gefen garuruwan Funtua da Malumfashi ya san irin waɗannan unguwanni.

Mallakar fili daban, izinin gini daban, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta ce duk wani gini ko sauya amfanin fili yana bukatar izini. A 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara gine-gine hurumin jihohi ne, ban da Abuja. Don haka a Katsina hukumar tsara birane da yankuna ta jiha ce ke da ta cewa. Mai neman izini yakan gabatar da shaidar mallakar fili, da taswirar safiyo mai nuna iyakoki, da zanen ginin. Jami'ai kan duba tazarar ginin da titi, da wayar wutar lantarki mai ƙarfi, da bakin rafi, da nisan rijiya daga masai. A gefen titin gwamnatin tarayya, alal misali, ana barin ƙafa 150 daga tsakiyar kwalta. Gaskiyar lamari, a can cikin karkara ba kasafai ake ganin jami'in ba sai ranar da aikin hanya ya biyo, ya zo da jan fenti.

Ingila ta bi wata hanya da ta cancanci a duba. Tun dokar tsara ƙasa ta 1947, ba a gina sabon gida a can sai da izinin hukuma, kuma manufar gwamnati ita ce hana gidaje warwatsuwa a filin karkara. Ɗaya daga cikin 'yan dalilan da ake karɓa shi ne a nuna cewa aikin gonar yana tilasta ma'aikaci ya zauna a wurin dare da rana, kamar mai kula da shanun da ke haihuwa, kuma gonar tana kawo kuɗin da za ta ɗore. Sabuwar gona akan ba ta izinin mazaunin wucin gadi na kamar shekara uku tukuna. Idan an yarda a gina, sai a ɗaura wa gidan sharaɗi: ba mai zama cikinsa sai mai aikin gona ko wanda ya yi ritaya daga shi, da iyalinsa. Sharaɗin yana bin gidan ko an sayar da shi, shi ya sa farashinsa ke faɗuwa. Ba duk tsarin ne zai dace da ƙasar da yawancin mutanenta manoma ne ba, amma tambayar da suke yi, ko aikin ne ke bukatar gidan ko kuwa gidan ne ke fakewa da aikin, tambaya ce da sakatariyar kowace ƙaramar hukuma za ta amfana da ita.

Yadda gona ta zo hannun mutum shi ma yana da tasiri. Gonar aro da ta haya da ta jingina duk masu komawa ne ga mai su, kuma al'ada ba ta yarda a kafa gini ko a dasa itace a cikinsu ba tare da yardarsa ba, domin gini alamar mallaka ce. Gonar gado da ba a raba ba ta fi kowacce haɗari: ɗan'uwa ɗaya ya gina wa barorinsa ɗakuna, ranar rabo a gaban alƙali sai a rasa yadda za a yi da su. Sai kuma burtali da makiyaya. Tun 1965 Arewa ke da dokar keɓe wuraren kiwo, amma an cinye da yawa daga cikin hanyoyin shanu da noma. Shuka a kan burtali ana girbe ta a wuce, gini kuwa yana toshe hanyar har abada, kuma garken da ya rasa hanya cikin amfanin gonar wani zai bi.

Shi kansa ma'aikacin da ke zaune a gidan ba shi da haƙƙi a kan filin, ko da shi ya kwaɓa ƙasar ginin. Zamansa yana rataye da aikinsa, ranar da suka ɓata da maigida ranar zai naɗe tabarmarsa. Rubutacciyar yarjejeniya a gaban mai unguwa, mai faɗin wanda ya yi ginin da wa'adin tashi idan aiki ya ƙare, tana rage wannan zalunci. Haka nan idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, dokar 1978 ta tanadi diyya a kan gini da amfanin gona, ba a kan ƙasar kanta ba.

A 'yan shekarun nan matsalar 'yan bindiga a kudancin Katsina ta sauya lissafin gaba ɗaya. Gidan da ke shi kaɗai a daji ya zama abin tsoro, tungaye da dama sun watse, ma'aikata sun fi son kwana a gari su tafi gona da safe a kan babur. Manoman da ke da hali yanzu sukan nemi fili a gefen gari su gina wa ma'aikatansu ɗakuna, a gona kuma su bar rumfa da ɗakin ajiya kawai. Irin wannan fili na gefen gari shi ne ya fi yiwuwa ya faɗa cikin iyakar birni, inda takardar gwamna da izinin hukumar tsara birane suke zama dole.