Kayan Kirsimati na Yara da Rumbun Gida

Kaka ta yi, masara ta shiga gida, ana yankan dawa, hunturu kuma ya fara busowa. A gidajenmu yanzu magana ɗaya ce a bakin yara: "Baba, yaushe za a sayo mana kayan Kirsimati?" Da safe sai an tambaya, da dare ma sai an tambaya. Wanda duk yake da ƙananan yara ya san wannan tambaya ba ta ƙarewa sai ranar da aka kwance ƙunshi a tsakar gida.

Yi wa yara sabon kaya abu ne mai kyau. Babu uban da zai so ɗansa ya tsaya a Makarantar Lahadi da tsohuwar riga alhali 'yan'uwansa suna ta walƙiya. Abin da muke so mu duba a wannan karo shi ne inda kuɗin yake fitowa. A yawancin gidajenmu daga cikin rumbu yake fitowa, rumbun nan kuwa shi ne tuwon yaran har wata kaka.

Abin da ya same ni

Ina da 'ya'ya uku, dukansu ƙanana. A Disamba ta 2023 na ɗora buhu biyu na masara a kan babur na kai kasuwa. Na sayo yadi da takalma, da tabarau na roba da bindigar wasa. Bindigar ta karye kafin Sabuwar Shekara. Takalman 'yar babbar sun matse ta kafin Ista, gama na saya daidai ƙafarta. Da Yuli ta 2024 ta zo, rumbunmu ya ƙare, farashin masara kuwa ya hau ƙwarai a shekarar. Ni malamin gona, mai koya wa mutane ajiya, na koma awo a kasuwa mudu-mudu. Wata rana maiɗakina ta rage tuwon dare don ya kai safe. Na tsakiyar ya side kwano ya ce, "Mama, a ƙara." Ba ta ce kome ba, sai ta dube ni. Tun ran nan na sake tsari.

Dalilin da ya sa Disamba take cutar manomi

A watan Nuwamba da Disamba kowa yana da hatsi, kowa kuma yana neman kuɗi. Ka je kasuwar Saminaka ko ta Mangu a wannan lokaci ka ga buhuna jibge. In kaya ya yi yawa, mai saye shi ke yanka farashi. 'Yan kasuwa da masu yin abincin kaji sun san haka, shi ya sa a lokacin suke cika ɗakunan ajiyarsu. A makonnin nan kuma yadi yakan ƙara kuɗi, tela ya ƙara kuɗin ɗinki, direba ya ƙara kuɗin mota. Ashe manomi yana sayar da nasa da araha, yana sayen na wani da tsada, duk a rana ɗaya.

Bayan biki kuma bukatu suna nan a jere. A Janairu za a koma makaranta. Wajen Afrilu da Mayu za a nemi taki da iri. Daga Yuli zuwa Agusta aikin gona ya yi nauyi, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, rumbu kuma ya yi ƙasa. A watannin nan ne ƙananan yara sukan rame.

Gaskiya ne ba kowace shekara hatsi yake tsada da damina ba. A 2025 farashin masara ya faɗi, waɗanda suka ɓoye don neman riba da yawa sun yi hasara. Saboda haka ba muna cewa kowa ya zama ɗan kasuwar hatsi ba. Amma wanda ya ajiye abincin gidansa bai yi hasara ba ko a wace shekara, gama yaransa sun ci.

A fara auna abincin gida

Kafin a kai ko mudu ɗaya kasuwa, maigida da uwargida su zauna su yi lissafi. Maigida, ka tambayi matarka, ita ce ta san abin da tukunya take ci.

Ga misali. A ce gidanku yana cin tiya ɗaya ta hatsi a rana. Daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da sabuwar masara za ta bushe, kwana 300 ne da 'yan kai. Buhu mai kilo 100 yakan ɗauki kamar tiya 40. Tiya 300 ke nan buhu bakwai da rabi. Ka ƙara buhu ɗaya saboda baƙi, da makoki, da ranar da za a yi gayya. Ka ware iri. Sai ka ga wajen buhu tara ne ba naka ba, na bakin iyali ne.

In ka sami buhu 14, ka fitar da na Ubangiji domin godiyar kaka, ka fitar da taran nan. Abin da ya rage sai a raba shi uku: na makaranta, na taki, na biki. Kason biki shi ne iyakar abin da za ka shiga kasuwa da shi. In ya yi kaɗan, a rage saye, kada a taɓa taran. Mu tuna da Yusufu a ƙasar Masar. A shekarun ƙoshi ne ya sa aka riƙa ajiye kashi ɗaya daga cikin biyar, bai jira yunwa ta zo ba.

Ajiyar ma sai an kula. A shanya hatsi ya bushe sarai. Akwai buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007 domin wake, yanzu kuma ana sa masara da dawa a ciki. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje, kowanne ana ɗaure bakinsa dabam. Iska ba ta shiga, ƙwari sai su mutu ba tare da an zuba magani ba. A gidan da yara suke ɗiban hatsi suna wasa, wannan ya fi lafiya.

In za a shiga kasuwa

1. A je da wuri. Wanda ya kai wa tela yadi a Nuwamba yakan sami ɗinki mai kyau. Wanda ya kai ran 20 ga Disamba yakan kwana a shagon tela ran jajibere, wani lokaci ma ya koma gida hannu wofi.

2. A rubuta abin da za a saya da kuɗin kowanne tun daga gida. In da hali a bar ƙananan yara wajen kakarsu. Yaron da ya ga balan-balan da alewa zai yi ta kuka, kunyar idon mutane kuma ta sa ka sayi abin da ba ka yi niyya ba.

3. A auna ƙafar yaro da kara ko zare, a ƙara faɗin babban yatsa ɗaya. Rigar ma a gaya wa tela ya bar lanƙwasa a ƙasa da za a iya warwarewa baɗi. Yaro ba ya jiran kaya, girma yake yi.

4. A sa rigar sanyi da hula da takalmi a gaba. Kirsimati a tsakiyar hunturu take, sanyin kuwa yana nan har Fabrairu. Rigar sanyi ta gwanjo mai kauri, in an wanke ta an shanya a rana, ta fi sabuwar riga shara-shara amfani ga yaron da yake tari.

5. A zaɓi yadin auduga. Da asuba yara sukan kewaye murhu suna jin ɗumi. Yadi mai santsi irin na roba in ya kama wuta yakan narke ya manne a fata. In tsautsayi ya faru, a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, kada a shafa ɗanyen ƙwai ko manja ko man goge baki, sa'an nan a kai yaron asibiti.

6. A lura da kayan wasa. Yaron da bai kai shekara uku ba kome ya samu baki yake kaiwa. Ƙananan duwatsun ado da fashasshen balan-balan suna iya shaƙe shi. Agogon wasa da takalma masu walƙiya sukan zo da ɗan batir mai kama da maɓalli. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, sai a garzaya asibiti nan take. Abin fashewar nan da yara suke kunnawa kuma, ban da ƙuna a hannu, tartsatsinsa yana isa ya cinye jinka da rumbu a wannan lokaci na iska.

7. Kada a ci bashi mai ruwa saboda anko. In ƙungiyar mata ko ta matasa ta fitar da yadin da ya fi ƙarfinka, ka faɗa a fili. Za ka tarar ba kai kaɗai ba ne.

Kyautar da take haihuwa

Iyayenmu sun san wata dabara da muke neman mantawa. Sukan nuna wa yaro 'yar kaza su ce, "Wannan taka ce." Kaza tana kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Akuya tana ɗaukar ciki wata biyar. Yaron da aka ba budurwar kaza a Kirsimati, in Allah ya kiyaye ta, kafin wata Kirsimati yana da zakarun da za a sayar a yi masa takalmi. Ya kuma koyi ba da dusa da ruwa kowace safiya, wato ya fara koyon riƙon amana.

Sai dai hunturu shi ne lokacin annobar kaji, wadda takan share gari cikin mako guda. Akwai maganin rigakafi da ake ɗiga wa kaza a ido, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin irinsa. Ƙungiya ta nemi malamin dabbobi a yi wa kajin gari duka a rana ɗaya, gama kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce.

Abin wasa kuma ba lalle sai na kanti ba. Karan dawa yana nan a zube. Bara na zauna da yarana da yamma muka yi motar kara. Sun fi wata guda suna janta, in ta karye mu gyara tare.

Abin da yaro yake bukata kowace rana

Sabuwar riga ta yini ɗaya ce, ciki kuwa kullum ne. Shinkafa da nama ran 25 ga Disamba ba za su biya bashin wata shida na tuwo da miyar kuka zalla ba. Ga abin da za mu riƙe:

Jariri ya sha nonon uwa kaɗai har wata shida. Bayan haka a fara ba shi kunu mai kauri, a ci gaba da nono.

Cikin ƙaramin yaro ƙarami ne. Yana bukatar ci sau uku ko huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani. A zuba masa a kwanonsa dabam, gama in an haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun gama.

Kada a sayar da gyaɗa da wake da waken soya duka. Su ne masu gina jiki. A soya masara da waken soya da gyaɗa, a niƙa tare, a riƙa dama wa yara. Ƙwan kajin gida ma kada ya tafi kasuwa duka.

A asibitin sha-ka-tafi akwai wani zare mai launi uku da ake auna damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. In awon ya kasa santimita 12.5, yaron ya fara ramewa. In ya kasa 11.5, hatsari ne, sai an yi magani. Zumuntar Mata tana iya neman a koya mata awon, ta riƙa yi bayan sujada, musamman da damina.

Aikin ƙungiya

Abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar jama'a. Ga hanyoyi uku da ƙungiyarku za ta iya gwadawa.

Na ɗaya, asusun Kirsimati. A fara zubi tun Janairu. Wanda ya zuba Naira 500 kowace Lahadi har mako 44, yana da Naira 22,000 a farkon Nuwamba, bai taɓa rumbu ba. A rubuta kowane zubi a littafi a gaban mutane, kuɗin kuma kada ya kwana a hannun mutum ɗaya.

Na biyu, saye tare. A tara sunaye, a aiki mutum biyu amintattu su sayo yadi da rigunan sanyi a sari. Kuɗin mota ya zama na mutum biyu maimakon ashirin.

Na uku, ɗakin ajiya na ƙungiya. A Jamhuriyar Nijar ƙungiyoyin manoma suna yin wannan tun ƙarshen shekarun 1990. Manomi ya kawo buhunsa a rufe a ɗaki mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba shi rancen da bai kai kuɗin buhun ba. Bayan 'yan watanni ya biya da kuɗin sana'ar rani, ya karɓi hatsinsa a lokacin da gida ya fi bukata.

Kada kuma mu manta da 'ya'yan gwauraye mata, da marayu, da waɗanda tashin hankali ya raba da gonakinsu suka zo zama a cikinmu. Rigar da ta matse ɗanka sabuwa ce ga wani. A tattara, a wanke, a goge, dattawan ekklesiya su kai a asirce kafin ranar, don kada yaro ya ji kunya. Wanda muke bikin haihuwarsa a komin dabbobi aka kwantar da shi, bai kuwa raina gidan matalauci ba.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. A wane wata ne rumbun gidanka ya ƙare a bana? Buhu nawa ka sayar a Disambar da ta wuce?
2. Cikin abin da ka saya wa yara bara, mene ne har yanzu suke amfani da shi?
3. Wace hanya ɗaya cikin ukun nan ƙungiyarmu za ta fara a Janairu, wa kuma zai riƙe littafi?

Allah ya kai mu Kirsimati lafiya, ya raya mana yaranmu, ya sa albarka a rumbunanmu. Amin.