Sabuwar Mota da Bashinta: A Auna Kafin a Sa Hannu

Tun zamanin En'e, mota ita ce alamar da ake gane babban ma'aikaci da ita. A lokacin nan gwamnati ta kan ba manyan ma'aikatanta rancen mota, ana yanka a albashi kaɗan kaɗan. Da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975, sai 504 ta zama abin da kowane malami ke buri. Yau al'amarin ya sāke, don haka ya kamata mai niyyar saye ya san abin da zai shiga.

Motocin yanzu suna zuwa da abubuwa iri biyu. Akwai na tsaron rai, watau jakar iska mai buɗewa in an yi karo, da birkin ABS wanda ke hana taya ƙamewa ta ja mota gefe, da kyamarar duba baya. Waɗannan sun cancanci kuɗinsu. Akwai kuma na ƙawa, kamar kujera mai motsi da lantarki da rufi na gilashi, waɗanda sai sun ɓaci ake sanin tsadarsu. Mai saye ya tambaya ko akwai kayan gyaranta a garinsu, da makaniki mai na'urar karanta kwamfutarta. Ya kuma duba tsayin ƙirjinta daga ƙasa, saboda hanyoyinmu na damina.

Sa'an nan sai maganar kuɗi, a nan ne kuwa mutane su ke faɗawa rami. Ruwan bashi iri biyu ne. A misali, mutum ya ranci naira miliyan 20, ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara, zai biya cikin shekara 3. In an lissafta ruwan bisa uwar kuɗi gaba ɗaya har ƙarshe, zai biya miliyan 38. In kuwa bisa abin da ya rage a kansa kowane wata ne, wajen miliyan 30 da dubu 600 ne. Suna ɗaya, amma tsakaninsu fiye da miliyan 7. Lalle a nemi jimlar a rubuce.

Wanda ba ya son ruwa yana iya zuwa bankunan da ba su ta'ammali da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki cikin 2012. Su ne za su sayi motar, su sayar masa da riba sananniya, ya biya a hankali. Mai karɓa daga dillali bisa biya da kaɗan kaɗan kuma ya sani, dokar 1965 ta hana mai mota ƙwace ta ya riƙe ba da hukuncin kotu ba, muddin an biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin.

Bayan saye ma da sauran aiki. Cikin 2023 an janye tallafin man fetur, inshora mafi ƙanƙanta kuma ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000. Mai ba da rance kuwa ya kan nemi cikakkiyar inshora, wadda ta fi wannan tsada nesa. Ga taya, ga baƙin mai, ga takardu.

Shawararmu ita ce, kada biyan wata ya wuce sulusin albashi. In lissafi bai kai ba, a daure a ƙara tari, ko a nemi ƙaramar mota. Hausawa sun ce, daidai ruwa daidai tsaki. Abincin iyali da kuɗin makarantar yara su ne a gaba, mota tana bayansu.