Masu Cewa FM Bulus Ce, Ku Dakata

Akwai wata magana da na gaji da ji. Na fara jin ta a Sokode daga bakin ɗan yayata da ya karanta lissafi a Jami'ar Kara, na sake jin ta a Dapaong wurin wasu samari masu neman aikin inshora. Wai cikin jarabawa biyu na farko na zama aktuwari, P ce dodo, FM kuwa bulus ce, haddar sati uku da kalkuleta sun isa. Ɗan nawa ya yarda, ya biya kuɗi da dala, ya faɗi.

Aktuwari dai shi ne mai lissafa wa kamfanin inshora ko asusun fansho abin da za a karɓa yau don a iya biyan asarar gobe. Aikin yana da kasuwa a Togo: hedikwatar kamfanin inshora na CICA-RE tana Lome, ga hukumar inshorar lafiya ta INAM da aka kafa a 2011, ga inshorar lafiya ta kowa da kowa da ta soma a 2024. Jarabawar da yaran ke magana a kai ta ƙungiyar SOA ce ta Amurka. P lissafin yiwuwar aukuwar abu ce, FM lissafin kuɗi da ruwansa.

To, daga ina sauƙin ya fito? P tambaya 30 ce cikin awa 3, minti 6 ke nan kowace tambaya. FM ma tambaya 30 ce, amma cikin awa biyu da rabi, wato minti 5. Dukkansu amsa biyar ake jera maka ka zaɓi ɗaya, kuma sai ka sami 6 a ma'aunin 0 zuwa 10 kafin a ce ka haye. Wadda ake raina ɗin ma ita ta fi ƙarancin lokaci.

Masu cewa P ta fi wuya galibi ɗaliban Amurka ne da suka yi darasin kuɗi a jami'a, kuma Turanci harshensu ne. Yaronmu da ya ci jarabawar kammala sakandare ta BAC C ya shiga sashen lissafi, labarinsa daban ne. Lissafin da P ke buƙata ya saba da shi tun aji. FM kuwa labari ake ba ka da Turancin banki, kai da ka yi karatu da Faransanci, kuma kalma ɗaya tana juya amsa. Ga misali. An ajiye sefa 100,000 a kan ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara. In sau ɗaya ake lissafa ruwan, ƙarshen shekara 112,000 ne. In kowane wata ake ɗora shi a kan uwar kuɗi, 112,683 ne. Mai tsara tambaya ya san inda ake tuntuɓe, don haka kada ka yi mamakin ganin amsar kuskuren tana jiranka a layi. Haka batun ko a farkon shekara ake biya ko a ƙarshenta. Wace hadda ce za ta cece ka a nan? Abin da ya fi ba ni haushi, masu yaɗa maganar da yawansu ba su taɓa zama ko ɗaya ba. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.



Ɗana, in ka ƙudura, fara da tambayoyin gwaji da SOA ke sakawa kyauta a shafinta. Ɗauki goma na P, goma na FM, ka sa agogo, ka yi su ba leƙe. Wadda ka fi ci, da ita za ka fara, ko me abokai suka ce. Tsofaffin hannu suna ƙiyasta awa ɗari na karatu ga kowace awa ta jarabawa, kusan awa 300 ke nan ga P. Awa biyu a rana, wata biyar ne, ba sati uku ba. Ka buɗe littafi na musamman kana rubuta kalmomin Turancin kuɗi da ma'anarsu. Ka sayi kalkuletar da aka amince da ita, irin BA II Plus, tun ranar farko, hannunka ya saba. Kada ka aro ta ana gobe jarabawa. Da kwamfuta ake yin jarabawar a cibiyar da aka tantance, saboda haka ka san cibiyarka kafin ka biya, ka haɗa da kuɗin mota da masauki. Ko Lome ce, daga Sokode ya haura kilomita 300, daga Dapaong ya haura 600. Kada ka haɗa jarabawa biyun a tsakanin wata ɗaya don ka burge mutane.

Iyaye kuma, in yaro ya zo neman kuɗin rajista, ku tambaye shi tambayar gwaji nawa ya yi da agogo, nawa ya ci. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku tukuna.