Shukar Binne: Darasin Bangaskiya Daga Gonakin Ƙasar Ƙanƙara

A ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, can kudancin Jihar Katsina, babu sana'ar da ta kai noma daraja. Tun daga Mabai har zuwa ƙauyukan da ke bakin iyaka da Zamfara da Birnin Gwari, dawa da gero da masara da auduga su ne arzikin talaka, da su yake ci, da su yake aure, da su kuma yake fita kunyar baƙo. Mafi yawan mutanen wannan ƙasa Musulmi ne, amma a tsakaninsu akwai gidajen Hausawa Kirista, waɗanda suke kiran kansu Masihiyawa, musamman a wajejen Ƙanƙara da Malumfashi da Ƙafur. Da yawansu zuriyar Maguzawa ne. Harshensu ɗaya da na maƙwabtansu, kasuwarsu ɗaya, kuma ranar gayya a kunya ɗaya ake duƙawa.

Mai wa'azi a irin waɗannan ƙauyuka shi ma manomi ne, garmarsa tana jingine a bayan ɗaki. Saboda haka in ya miƙe ranar Lahadi a cikin majami'a zai yi bayanin bangaskiya, ba ya zuwa nesa neman misali. Misalin da ya fi shiga zukatan masu sauraro kuwa shi ne na shukar binne.

IRI A CIKIN BUSASSHIYAR ƘASA

Binne ita ce shukar da wasu manoma kan yi da bazara, tun ruwa bai sauka ba. Rumbu ya yi ƙasa, tuwon dare ya fara ƙanƙancewa, ga yara suna kallon ɗan hatsin da ya rage. A wannan hali ne maigida zai ɗauko irin da ya keɓe tun kaka, watau zangarnun da suka fi kowanne ƙoshi, ya sussuke, ya tafi da shi gona ya rufe cikin ƙasar da ko raɓa babu. In ruwa ya zo da ƙarfi, ya riga kowa samun tsiro. In kuwa yayyafi kawai aka yi sa'an nan rana ta buɗe, irin ya tsira ya ƙone, sai a sāke shuka. Manomin ya san wannan sarai, duk da haka yana zubawa.

Masu wa'azi sukan haɗa wannan da sura ta 11 ta wasiƙar Ibraniyawa, inda aka jero mutanen dā da suka yi aiki da alkawarin Allah tun ba su ga cikarsa ba, irin su Nuhu wanda ya sassaƙa jirgi a tudu, da Ibrahim wanda ya bar ƙasar ubansa bai san inda zai sauka ba. Sukan jawo hankalin jama'a ga abu biyu. Na farko, mai binne ba da ka yake yi ba, ya dogara ne ga Wanda ya saukar da damina bara da bara waccan, tun zamanin kakanni. Na biyu, sai ya fita gona da kansa. Wanda ya zauna a inuwa yana cewa Allah zai ba shi, alhali irinsa na cikin tukunya, ranar girbi sai dai ya taya wani ɗaurin dami. Wasiƙar Yaƙub, a sura ta 2, ta ƙi yarda da bangaskiyar da ta tsaya a fatar baki, a sura ta 5 kuma ta kafa misalin haƙuri da manomi mai jiran ruwan farko da na ƙarshe. Hausawa ma dai sun ce Allah Ya ce tashi in taimake ka.

Akwai kuma darasin rumbu. Tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar dogon bayani a kan labarin Yusufu, wanda ya tara hatsi a Masar cikin shekaru bakwai na yalwa domin shekaru bakwai na yunwa. Daga nan ake koya wa matasa cewa tanadi da dogara ga Allah ba sa faɗa da juna, kuma gidan da yunwa ta sa ya cinye irinsa ya cinye baɗi ke nan.

DAGA GIRKU ZUWA WUSASA

Tarihin yadda bishara ta shigo ƙasar Hausa shi ma shukar binne ce. Cikin 1893 samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Ikko da niyyar shigowa Arewa. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida. Daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi, bai samu ko mutum ɗaya ba. Ƙungiyar da suka fara ita ce S.I.M., wadda daga cikinta ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wannan ƙungiya ce kuma ta karɓi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina cikin 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, a lokacin da mutane da yawa ke gudun kuturu ko da ɗan'uwansu ne.

Cikin 1900 wata tawaga ta C.M.S. a ƙarƙashin Bishop Tugwell ta isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su izinin zama ba. A cikinsu akwai Dokta Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila. Ya zauna birnin Zariya daga 1905, yana ba da magani, yana koyar da yara, yana kuma fassara. Shekara da shekaru waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Sai a 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurinsa, watau zuriyar almajiran Malam Ibrahim, malamin da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Aka kafa musu gari a Gimi, suka yi gonaki da makaranta, aka ɗauka an samu wurin zama. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka watse.

Wanda ya ga kangon Gimi a lokacin zai ce irin ya ƙone. Amma ragowar mutanen ne suka haɗu da 'yan'uwansu na Zariya, aka koma Wusasa a 1929, aka gina majami'a da makaranta da asibiti. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932, shekara 32 bayan an juya wa tawagar farko baya a Kano. Daga cikin 'ya'yan wannan ƙaramar jama'a aka samu Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A nan Katsina ma, cikin 2023 aka kafa sabuwar Dayosis ta Katolika, aka naɗa Gerald Mamman Musa ya zama bishop ɗinta na farko. Waɗanda suka zuba irin farko ba su ga ko zangarniya ɗaya daga cikin wannan ba.

LOKACIN GWAJI

Waɗannan darussa sun daina zama labarin dā tun da 'yan bindiga suka yi sansani a dajin Rugu da dazuzzukan da suka haɗe da Zamfara. Ran 11 ga watan Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A watan Satumba 2021 aka katse layukan tarho a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Janairu 2023 kuma aka afka wa wata majami'a a wani ƙauyen Ƙanƙara ranar Lahadi, aka tafi da masu sujada cikin daji. A waɗannan shekaru manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa, an kore shanun huɗa, wasu gidaje sun sayar da hatsi da filaye domin biyan kuɗin fansa.

A irin wannan hali tambayar da ke zuciyar mai bi ita ce, in an shuka, wa zai girbe? Masu wa'azi na gaskiya ba sa yi wa jama'a alkawarin cewa mai bangaskiya ba za a taɓa shi ba, domin kowa ya san gidan mai ibada da aka shiga. Sukan buɗe sura ta 3 ta littafin Habakuk, inda annabin ya ƙudura zai riƙe Ubangiji ko da gona ta ƙi, garke kuma ya ƙare. Sukan tuna wa mutane da Gimi. Sa'an nan a juya ga abin da hannu zai iya: a yi gayya a gonar gwauruwa, Zumuntar Mata ta tara mudu-mudu domin gidan da aka sace maigida, a ba wanda ya yi gudun hijira iri ya shuka ko da a bayan gari ne.

Har ila yau akwai abin da wannan masifa ta fito da shi fili. Ɗan bindiga ba ya tambayar addinin mai gona kafin ya kore shanu, kuma waɗanda suka fi yawa cikin mamata da waɗanda aka sace Musulmi ne, tun da su ne mafi yawan jama'ar ƙasar. Abin da Kirista yake kira bangaskiya, maƙwabcinsa Musulmi yana da nasa babin na imani da tawakkali, kuma dukansu sun san ɗacin jiran ɗan'uwa da ke hannun mutanen daji. Saboda haka wa'azin da ya dace da wannan ƙasa shi ne wanda zai sa mutum ya je gaisuwar ta'aziyya gidan maƙwabci, ko masallaci yake zuwa ko majami'a, domin zumunci a ƙafa yake.

Haƙƙi ne a kan hukuma ta tsare ran manomi da gonarsa, kuma addu'ar talaka ba ta sauke wa masu mulki wannan nauyi. Amma kafin tsaro ya zauna da gindinsa, duk shekara bazara tana zagayowa, hadari yana haɗuwa daga gabas, maigida kuma yana tsayawa a bakin rumbu da ƙwaryar iri a hannu. Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Katsina da Nijeriya baki ɗaya, amin.