Zagaya Tsohuwar Lakwaja da Ƙafa

Matafiyin da ya ratsa Lakwaja cikin mota a kan hanyarsa ta zuwa Kudu ba ya ganin kome sai tasha da masu tallar kifi. Wanda yake son sanin garin dole ya sauka ya taka da ƙafa, domin tsohon garin a matse yake tsakanin dutsen Patti da bakin ruwa, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu.

Daga bakin kogi ya kamata a fara, don ta nan Turawa suka shigo. Likita William Baikie ya zauna a wurin wajen 1860, ya buɗe kasuwa, ya koyi Hausa har ya fassara wasu sassan Littafi Mai Tsarki da ita. Bayansa Kamfanin Neja, wanda ya sami izinin mulki daga Ingila a 1886, ya mai da garin matattarar kayansa da sojansa. A nan ne kuma, ranar 1 ga Janairu 1900, aka sauke tutar kamfanin aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya shelanta cewa Arewa ta shiga hannun gwamnatinsu. Bai daɗe ba, a 1902 hedkwata ta koma Zungeru.

In an haura daga gaɓa za a iske makarantar Holy Trinity wadda Bishop Samuel Ajayi Crowther ya kafa a 1865. A harabarta akwai wasu ƙarafa da mutanen gari ke cewa duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya 'yantu. Gaba kaɗan sai gidajen Turawa na katako da rufin kwano, an ɗaga su bisa ginshiƙai saboda laima da gara, an kewaye su da baranda don shan iska. Maƙabartarsu ma tana nan. Shekarun da aka rubuta a duwatsun kaburburan sun isa su nuna yadda zazzaɓi ya riƙa ɗauke su da ƙuruciya.

Amma ga Bahaushe, wurin da ya fi cancantar a daɗe shi ne unguwar da kaburburan sarakuna suke. Lakwaja ce Turawa suka zaɓa su riƙa kai sarakunan da suka tuɓe, nesa da talakawansu, cikin ƙasar da harshenta da damshinta baƙi ne a gare su. Sarkin Kano Alu Babba, wanda aka kama a 1903, a nan ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mashahurin marubucin waƙoƙi, ya riga shi da shekara biyu. Kaburburan ba su da wani ado, har baƙo kan wuce su bai sani ba in babu ɗan gari mai nuna masa, abin da bai dace da darajar mutanen da ke kwance a ciki ba.

Hawan Patti sai da sassafe, kafin rana ta yi zafi. A bisansa akwai ɗan gidan hutawa da ake dangantawa da Lugga, daga nan kuma ana hangen mahaɗar kogunan sarai. Ana kuma ganin yadda unguwannin gaɓa suke daf da ruwa; ambaliyar 2012 da ta 2022 duk sun shiga garin, sun mamaye gidaje da hanyoyi.